Farar Ƙwaya da Safe, Shuɗiya da Yamma

Kafar allurar ta zama biyu, Mama Tela kuwa ta rasa wadda za ta zura wa zare. Ta lashi bakin zaren, ta murza shi tsakanin yatsu, ta nufi ta dama, ya wuce ta iska. Ta nufi ta hagu, ya lanƙwashe. Matar da a da take zura allura tana hira da mai kaya ba tare da ta ko dubi hannunta ba, yau ga ta ta runtse ido ɗaya kamar mai leƙe ta ramin makulli.

"Tsufa ne," ta ce da keken ɗinkin.

Keken bai musa ba. Ita ce dai ta san ƙarya take yi, don abin da ya raba mata allura biyu yana nan a bakin taga: kofi biyu, ɗaya na gilashi, ɗaya na tangaran mai ɓantararren baki. Na gilashin bai bushe ba tukuna. 'Yarta Auta ce ta sayo shi musamman don magani, da shi ta ba ta farar ƙwaya da safe. Da yamma ɗanta zai zo, wanda kowa a gidan yake kira Yaya har ita uwar, ya ba ta shuɗiya da na tangaran. Kafin ya iso dole ta ɓoye na gilashin a bayan gwangwanin maɓallai, gobe da sassafe kuma ta musanya su. Komai tana mantawa a 'yan watannin nan, amma wannan aikin bai taɓa kuɓuce mata ba.

Abin ya samo asali ne daga rasuwar maigidanta. Gidan bai canja ba, ɗaki biyu da falo a saman bene. Kujerarsa mai lotsattsen mazauni tana nan tana fuskantar taga, rediyonsa ma na nan da robar da ya ɗaure murfin batir da ita. Sai dai duk yamma, daidai lokacin da takunsa ya saba hawowa matakala, gabanta sai ya yanke ya faɗi. Zuciya ta kama gudu kamar keken da aka taka aka sake shi, gumi ya keto, numfashi ya tsaya a wuya. Takan dafa bango ta jira mutuwa. Mutuwar ba ta zuwa, wani ma ba ya zuwa.

'Ya'yan nata biyu ba sa ga maciji da juna. Ran da ciwon uban ya tashi, Yaya ne a kansa a asibiti, Auta kuma, da yake malamar makaranta ce, tana can tana tsaron jarrabawa. Ya ce bari ta gama, ai jikin zai lafa. Jikin bai lafa ba. Da ya kira ta, labarin rasuwa ya ba ta. "Ka hana ni ganin ubana," ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu, a nan falon, gaban mutane. Daga nan suka raba uwar yadda ake raba yadi: in ɗaya yana nan ɗaya ba ya zuwa, wanda kuwa ya ji ɗan'uwansa ya yi mata wani abu sai ya yi fushi ya ɗauke ƙafa. Taurin kan na gado ne. Uban nasu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ya taɓa yin gaba da rediyo kwana da kwanaki saboda ta faɗi labarin da bai so ba.

Yaya ne ya fara kai ta wurin likita, ran da ya zo duba mata firji ya tarar da ita durƙushe a kicin tana haki. Likitan ya ce zuciyarta lafiya lau, fargaba ce, ya rubuta shuɗiyar ƙwaya, ɗaya da yamma, na ɗan lokaci. Ya ja kunnen Yaya kada a bar mata kwalin tunda ita kaɗai take kwana, kuma in ta sha a ɗan zauna da ita, don maganin yana kawo jiri. Yaya ya jefa kwalin a aljihun motarsa tare da sukudireba da tef, ya shiga zuwa kullum in ya tashi daga shagonsa na gyaran firji. Mutumin da a da sai ta yi ta aike kafin ta ga ƙeyarsa.

Ba a jima ba Auta ta zo ranar hutu ta same ta hannu na rawa. Ba ta tsaya tambaya ba, ta sa ta a tasi sai wani asibitin daban. Likitan can ya ɗago kai ya ce, "Tana shan wani magani?"

"Wa zai kai ta asibiti, likita?" in ji Auta. "Ai ni kaɗai gare ta."

Mama Tela ta buɗe baki. Sai ta tuna ran da Auta ta ji cewa Yaya ne ya sake mata fankar falo, yadda ta rataya jaka ta ce, "To, tunda kina da mai kula da ke," ba a ƙara ganin ta ba sai da jikoki suka fara manta hanyar gidan. Ta rufe bakin. Aka rubuta farar ƙwaya, ɗaya da safe, da irin jan kunnen da aka yi wa Yaya.

Da farko ta ce wa ranta fara daban, shuɗiya daban, sunayen jikin kwalayen ma ba ɗaya ba ne. Amma wadda ta tsufa tana taɓa yadi ba rini ne zai ruɗe ta ba. Ɗacin ƙarƙashin harshe ɗaya ne, nauyin bayan ido ɗaya ne, haka sakewar gwiwoyi. Ta sani sarai. Ta kuma san abin da ta samu a madadinsa, don tun rasuwar mai gidan ba ta yi kwanaki masu daɗin waɗannan ba.

Auta kan shigo da sassafe da ƙamshin sabulu, littattafan 'yan aji a hammata, ta miƙa ƙwaya, ta ɗosana a hannun kujera tana duba agogo. Amma dai tana zama.

"Mama, kin rame fa. Wancan ɗan naki ko leƙo ki yana yi?"

"Yana fama da aiki."

"Aiki! Kullum sai kin kare shi. Shanye ruwan duka."

Da yamma Yaya ya hawo da baƙin mai a farce, ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar keken kamar yadda yake yi yana yaro, yana ba ta labarin masu cusa tukunya da zafinta a firji, su lalata shi, su zo suna zagin kamfani.

"Madam ɗin ta bugo kuwa?"

"'Yar'uwarka ce dai."

"Ni ban ce ba ita ba ce. Haɗiye, Mama, ina kallon ki."

Ina kallon ki. Takan haɗiye ƙwayar a hankali don maganar ta daɗe a kunnenta.

Sai dai jiki ba ya ɓoye abin da baki ya ɓoye. Ta fara barci a kan keke da rana tsaka. Ta ƙona tukunya har gindinta ya huje. Harshenta ya yi nauyi, takan ba Yaya labari, ya yi dariya, ta sake ba shi kafin ya tashi, ya sake yin dariyar amma idonsa bai yi ba. Ta zame a banɗaki ta bugi dantse ya yi baƙi, ta zauna ta ƙara wa rigunanta tsawon hannu. Maƙwabciyarta ta ƙasa, matar mai kanti, ta hawo da rigar mijinta tana dariya har da hawaye.

"Mama Tela, aljihu na ce ki ƙara wa zurfi, kin ɗinke bakinsa gam! Ko da yake kin kyauta, yanzu ba ya da inda zai ɓoye mini sigari."

Mama Tela ta taya ta dariya. Da matar ta sauka, ta zauna tana farke ɗinkin tana kuka, don a duk shekarunta na aiki ba a taɓa dawo mata da kaya ba.

Ba wai ba ta gwada ba. Akwai lokacin da ta riƙa maƙale farar a ƙarƙashin harshe, in Auta ta fita ta tofar a buta. Ba a yi nisa ba hannunta ya kama karkarwa, barci ya ƙaura, ƙarar cokali a kicin ɗin maƙwabta ta zama kamar a cikin kanta ake bugawa. Fargabar da aka kora ta dawo da danginta. Ta koma haɗiyewa. Duk sanda kuma ɗaya daga cikinsu ya mai da ita wurin likitansa, sai ta ce da sauƙi, amma gaban bai daina faɗuwa ba, a ƙara mata. Tsoro take ji, tsoro biyu. Tana tsoron maganin, tana kuma tsoron ranar da za a ce ta warke.

Ranar da abin ya faru, tari ne ya fara. Matar mai kanti ta jiyo shi ta rufi, ta hawo da kwalbar maganin tari. "Wannan mai kyau ne, har barci yake sawa. Cokali ɗaya kin huta." Mama Tela ta sha, a bayan farar da Auta ta ba ta da safe.

Rana ba ta raba ba sai ga Yaya, ba lokacinsa ba. Da ƙyar ta kai gilashin bayan gwangwani. Ya samu aikin haɗa manyan firji a wani otal mai nisa, sai jibi zai dawo. Ya ba ta shuɗiyar yau a tsaye, makullin mota a hannu. Ya ɓallo wata ya sa a faranti, ya kife kofin tangaran a kai.

"Wannan ta gobe ce, Mama. Kin ji? Ta gobe da yamma."

"Na ji. Ba za ka ɗan zauna ba?"

"Suna jira na a ƙasa. In na dawo."

Ta zauna a kujerar mai gidan, barci ya ɗauke ta. Da ta farka, hasken da ke jikin bango ja-ja ne, ta kasa gane na safe ne ko na yamma, na yau ne ko na wata rana. Zuwan Yaya ya goge daga kanta tas. Ta ga kofinsa a kife, ta ɗaga, ga shuɗiya a ƙasa. Wato ya zo ya same ta tana barci, ya ajiye, ya tafi. Ya zo, ita kuwa ta yi asarar zamansa. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ɗauki ƙwayar ta haɗiye, kada ya dawo ya tarar da ita ya ga kamar ba a bukatar zuwansa. Tari ya turnuƙe ta, ta nemi cokali ba ta gani ba, ta kafa kwalbar a baki. Sannan ta lallaba zuwa keke, don ta yi wa matar mai kanti alkawarin rigar jikarta kafin faɗuwar rana. Ta ɗan kwantar da kai a kan yadin, ta ce bari jirin ya wuce.

Matar mai kanti ce ta turo ƙofa ta zo karɓar riga. Ta yi sallama, shiru. Ta ji minshari, amma ba irin na mai barci ba: ya fito da ƙyar, ya yanke, a jira, a jira, har mai sauraro ya fara riƙe nasa numfashin. Leɓɓan tsohuwar sun yi duhu. Ta girgiza ta, ta yayyafa mata ruwa, ta ƙwala wa mijinta kira ya fito da mota. Ba ta san zancen gaba ba, ko kuma a lokacin ba ruwanta da shi. Ta ɗauki wayar Mama Tela ta kira su duka biyun.

Muryoyi ne suka fara dawo mata kafin haske. Akwai roba a hancinta, akwai abu manne a yatsanta yana ƙara a hankali. A bayan labule wata mace, likita daga jin muryarta, tana tambaya.

"Wane magani take sha? Duk abin da kuka sani."

"Ɗaya ne," in ji Yaya. "Yana mota, na taho da shi."

"Ɗaya ne," in ji Auta a lokaci guda, zif ɗin jakarta na ƙara.

Mama Tela ta ji an ajiye kwali biyu a kan tebur.

"Magani ɗaya ne wannan," in ji likitar. "Kamfani ne daban. Tun yaushe?"

Kowa ya faɗi nasa. Likitar ta ja numfashi. Ta ce irin wannan maganin jiki duka yake kwantarwa, ba fargaba kaɗai ba, har numfashi. Jikin tsoho kuma ba ya fitar da shi da wuri, na jiya yana nan na yau ya hau kansa. Mantuwar da faɗuwar da nauyin bakin duk aikinsa ne. Da ya haɗu da maganin tari mai sa barci, saura ƙiris numfashin ya tafi bai dawo ba.

"Da ka gaya mini!" Muryar Auta ta tsage. "Kullum haka kake, ba ka gaya wa mutum komai sai an gama!"

"Ta ina zan gaya miki? Kina ɗaukar wayata?"

"Ka gwada? Sau nawa ka gwada?"

"Auta, wallahi ran nan ban san Baba zai tafi ba. Da na sani..."

Ya kasa ƙarasawa. Mama Tela ta ji ɗanta yana kuka irin na manya, mara sauti, sai jan hanci. Ta ji kujera ta matsa. Ta farka sarai, tana iya kiran su, amma ta bar idonta a rufe. Tun rasuwar ubansu ba ta ji muryoyin nan biyu a ɗaki ɗaya ba, ko faɗa suke yi tana so ya daɗe.

Washegari likitar ta sallami kowa, ta jawo kujera kusa da gado. Yarinya ce sa'ar Auta, da tabarau da gajiya a fuska.

"Mama, zan tambaye ki, kada ki ji kunyata. Kin san iri ɗaya ne?"

"Na sani."

"Kin yi nufin ki cutar da kanki?"

"A'a, 'yata. Ni ba mutuwa na nema ba." Ta dubi gefen zanin gadon, ta ga wanda ya ɗinka shi bai iya kalmasa ba. "In na ce wa ɗaya ya bari, ya daina zuwa ke nan. Ke wanne za ki ce wa ya bari?"

Likitar ta cire tabarau ta goge. Ta ce dai ba za a tsayar da maganin kai tsaye ba, don jiki ya saba, yankewa farat ɗaya na iya kawo jijjiga. Za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har a rabu. Za ta haɗa ta da wata mai sauraron masu irin damuwarta. Maganin kuma dole ya koma hannu ɗaya.

'Ya'yan suka yi abin kirki, ba mai cewa ba su yi ba. Tare suka je kanti a motar Yaya, tare suka dawo da wani akwatin magani mai agogo, zagayayye kamar murfin tukunya. A kulle yake. In lokaci ya yi sai ya yi ƙara, ya juya da kansa, ya buɗe gida ɗaya tak. Ranar hutu ake cika shi, wannan mako Yaya, wancan Auta. Suka ajiye shi a bakin taga suna nuna mata, kai da kai, har suna yi wa juna gyara.

"Yanzu ba mai yin kuskure," in ji Auta. "Kin huta, Mama."

"Mu ma hankalinmu ya kwanta," in ji Yaya. "Ba sai ana ta zarya ba."

"Allah ya yi muku albarka," ta ce, har cikin ranta kuwa.

Ƙwaya ta koma rabi. Kai ya washe, harshe ya saki, baƙin dantse ya baje. Mai sauraron nan tana da kirki, tana koya mata yadda za ta ja numfashi in gaban ya faɗi, sai dai ita ma da agogo a bangonta. Ranar hutu gidan kan cika da jikoki, a yi ta hayaniya har kai ya yi ciwo, su watse kafin duhu. Sauran kwanakin kuwa dogaye ne, kuma yanzu tana jin tsawonsu duka, ba barcin da zai gutsure mata rabi.

Wata yamma ta ɗauki allura, ta lashi zare, ta zura. Ya shige tashi ɗaya. Kafar ta koma ɗaya, tsaf, kamar da. Ta ɗago kai da murmushi ta waiga don ta nuna wa wani. Kujerar mai gidan tana fuskantar taga.

A ƙasa wata mota ta rage gudu. Ta tsayar da ƙafa a kan keke ta kasa kunne. Motar ta wuce.

Akwatin ya fara ƙara. Ba ta tashi nan da nan ba, ta bar shi ya yi ta kira, don a gidan shi kaɗai ne ke neman ta. Sai da ya kusa gajiya ta je ta ɗauki rabin ƙwayar. Kofunan suna nan gefe da gefe, ba sauran ɓoyo. Ta tsaya tana duban su, ta rasa wanda za ta ɗauka, ta tari ruwa da tafin hannu a famfo ta haɗiye.

Waya ta yi ƙara. Auta ce, da hayaniyar titi a bayanta.

"Mama, kin sha?"

"Na sha. Auta, kin san yau allura..."

"Madalla. Bari in gaya wa Yaya, yana jira na a ɗaya layin."

Mama Tela ta riƙe wayar a kunne har ta tabbata ba kowa. Sannan ta ajiye ta kusa da akwatin, ta koma kan keke, ta zare zaren daga allurar, ta sake zurawa.